Sabon Kwanson Harsashi: A Cika Shi Yadda Ya Zo?

TAMBAYA: Malam, ina harbin saiti da bindiga mai cin .308 Winchester, kuma na fara cika harsashina da kaina. Na sayi sababbin kwansuna na tagulla. Tunda fil suke, ba sai in zuba albarushi kawai ba?

AMSA: Ɗan'uwa, dakata tukuna. Ko na kamfanin Lapua ko na Norma ne, da suka yi suna wajen inganci, kwansunan sun sha gogayya da juna a cikin kwali kafin su iso hannunka. Ɗauki ɗaya ka ɗaga shi wajen haske, ka leƙa bakinsa. Sau da yawa za ka ga ya ɗan lotsa ta gefe guda.

A wuyan nan aikin yake, kuma nan nake so ka fi ba da ƙarfi. Wuya ne ke riƙe kan harsashi. In wannan ya riƙe da ƙarfi, wancan sako-sako, ba za su fita da gudu ɗaya ba, sai ka ga harbi ya warwatsu a allo kana zargin bindiga. Ka shafa ɗan mai, ka zura wa kowanne sandar ƙarfen da ke daidaita wuya. Yawancin masu wannan harka suna barin cikin wuyan ya gaza kaurin kan harsashi da kamar inci 0.002. Bayan nan ka goge man tas.

Sai tsawo. A ƙa'idar SAAMI, ƙungiyar Amurka da ke tsara ma'aunin bindigogi da harsasai, kwanson .308 bai wuce inci 2.015 ba, ana kuma datse shi zuwa 2.005. Wanda ya zarce yana iya maƙalewa a maƙogwaron bindiga, ya danne kan harsashi, matsin wuta ya hau fiye da kima. Wannan batun tsaron rai ne. Ka kankare bakin kwanson ta ciki da ta waje, don kada kaifinsa ya karce kan harsashi lokacin da kake zaunar da shi.

Ramin gindin kwanso da wuta ke bi zuwa albarushi, ka leƙa shi. In akwai ɓurɓushin tagulla, ka cire, sau ɗaya ake yi.

Auna nauyin kowane kwanso kuwa, ni ban cika matsa wa mai farawa a kai ba. Harbin farko ne ke sa tagulla ta buɗe ta ɗauki siffar cikin bindigarka, daga nan ne auna faɗin cikin kwanso ke da amfani. Kada dai ka gauraya kwansunan kamfanoni biyu, domin faɗin cikinsu ya bambanta. Yawan albarushi kuma, littafin kamfanin da ya yi shi za ka bi, ka fara daga mafi ƙaranci.