Tambaya da Amsa: Ɗana ya zaga ƙungiyoyin hoki biyar, yanzu kuma an buge shi a ka

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwa ce, muna zaune a lardin Ontario na Kanada. Ɗana yana da shekara 24, ɗan baya ne a wasan hoki na ƙanƙara. Ya buga gasar matasa ta OHL, amma babu ƙungiyar NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, da ta zaɓe shi a zaɓen sababbin 'yan wasa. Yau kaka uku ke nan yana ECHL, gasar mataki na uku, a Amurka, ya canza ƙungiya biyar, sau biyu ana ɗaukarsa gwaji a AHL, gasar mataki na biyu da ke ƙasa da NHL, ana dawo da shi. Ranar Juma'ar da ta wuce aka gwara kansa da gilashin katangar fili. Tun ranar kansa ke ciwo, haske yana damunsa, barci ya ƙaurace masa. Ya je asibiti a ɓoye aka ɗauki hoton kai, aka ce babu komai. Ya ce tunda bai suma ba zai buga wasan Asabar, domin in ƙungiya ta ji za ta sallame shi. Ga kuma wani dillali da ya ce a ba shi dala 3,000 ya samo masa ƙungiya a Turai. Hankalina ya ƙi kwanciya. Shin wannan yawo alama ce sana'ar ta ƙi shi? Kuma in zura ido ya buga?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Kada ya buga wasan Asabar, kada ma ya shiga atisayen da ake gogayyar jiki kafin likita ya sallame shi. Zan dawo kan wannan domin shi ne babban al'amari, amma bari in fara da yawon da ke damunki.

Ƙungiya biyar a kaka uku ba abin mamaki ba ne a ECHL. NHL tana da ƙungiyoyi 32, kowacce tana riƙe 'yan wasa 23 a jerinta, kuma doka ta hana ta wuce kwantiragi 50 gaba ɗaya. Idan ɗan baya ya ji rauni a sama, a ɗauko wani daga AHL. Ramin da ya bari a cike shi da ɗan ECHL a kan takardar gwaji wadda ba ta wuce wasa 25. Da mai raunin ya warke kowa ya gangara inda ya fito, na ƙarshe a layi kuma ya haɗa jakarsa. Hawa da saukar ɗanki sau biyu daga nan suka fito, kuma kiran da aka yi masa yana nuna masu neman 'yan wasa suna ganin amfaninsa. Mafi yawan masu cin abinci da hoki 'yan ci-rani ne irin haka. Rumun Ndur, wanda aka haifa a Zariya a 1975 ya tashi a Ontario, Buffalo Sabres ta zaɓe shi a 1994, ya buga wasa 69 a NHL tsakanin Buffalo da New York Rangers da Atlanta, sauran shekarunsa ya yi su a ƙananan gasanni har ya dangana da Ingila. Akim Aliu, haifaffen Okene, Chicago ta zaɓe shi a zagaye na biyu a 2007, amma wasa 7 kacal ya samu a NHL tare da Calgary, sai yawo tsakanin AHL da ECHL da Suwidin da Rasha da Sulobakiya. Ko a sama can, Mike Sillinger ya sa rigar ƙungiyoyin NHL 12 kuma ya buga wasa fiye da 1,000.

Abin da ya kamata ku lissafa shi ne kuɗi da lokaci. A kakar 2023-24 mafi ƙarancin albashin NHL dala 775,000 ne a shekara, na AHL ya ɗan haura dala 52,000, na ECHL kuwa bai kai dala 600 a mako ba, kuma a watannin wasa kawai ake biya, sai gidan kwana da ƙungiya ke bayarwa. Sannan akwai ƙa'idar wasa 260: duk wanda ya kai wannan adadi a matakin ƙwararru, ECHL tana lissafa shi tsohon hannu, kuma ƙungiya ba ta wuce tsofaffin hannu huɗu. In ɗanki yana buga wasa 55 zuwa 60 a kaka, saura masa kamar kaka ɗaya da rabi ya isa wurin, daga nan gurbi zai ƙara wuya. Shi ya sa tunanin Turai daidai ne a shekarunsa. Dillalin ne ba daidai ba. Wakilin gaskiya yana karɓar kasonsa ne daga albashi bayan an sa hannu a kwantiragi; mai neman dala 3,000 kafin ya nuna takarda daga wata ƙungiya, ku rufe masa ƙofa. Ku nemi tayin a rubuce da sunan ƙungiyar, ku kira ofishinta da lambar da kuka samo da kanku, ku duba ko albashin bayan cire haraji ne, ko akwai gida da mota da tikitin jirgi da inshorar lafiya, da kuma sharaɗin gwaji da ke ba su damar kora a makonnin farko. Ɗanki kuma ba ya iya buga wasa a can sai ƙungiyar ta nemo masa takardar sauya sheƙa ta IIHF, hukumar hoki ta duniya.

Yanzu ga maganar kai. "Ban suma ba, hoto bai nuna komai ba." Babu jimlar da ta fi wannan yawo a ɗakunan sauya kaya, kuma babu wadda ta fi ta lalata rayuwar 'yan wasa. Kowane rabi nata kuskure ne.

Suma ba ita ce ma'auni ba. A cikin masu girgizar ƙwaƙwalwa (raunin da bugun kai ke jawo wa ƙwaƙwalwa) goma a wasanni, kusan ɗaya ne kawai ke suma. Sauran suna tashi da ƙafafunsu, wasu har su ƙarasa wasan. Abin da ke faruwa shi ne kai ya tsaya ko ya juya farat ɗaya, ƙwaƙwalwa ta motsa a cikin ƙoƙon kai, zaren jijiyoyi su miƙe, sinadaran cikin ƙwayoyin su rikice, ƙwaƙwalwa ta buƙaci ƙarfi mai yawa don gyara kanta a daidai lokacin da jinin da ke kai mata ya ragu. Ciwon kai da ƙin haske da rashin barci na kwanaki bayan bugu su ne alamun, kuma ɗanki yana da ukun duka.

Hoton kai na CT da ake ɗauka a asibiti kuwa ba a yi shi don gano wannan ba. Aikinsa ya nuna zubar jini, ko kumburi, ko tsagewar ƙashin kai. Hoto mai kyau albishir ne cewa ba ya buƙatar tiyatar gaggawa, iyakarsa ke nan. Hatta hoton MRI na yau da kullum yakan fito lafiya lau ga mai girgizar ƙwaƙwalwa. Ana gano ta ne da tambayoyi da gwajin tunawa da na daidaiton tsayuwa da motsin ido, a kwatanta da gwajin da aka yi wa ɗan wasa kafin fara kaka. Wannan gwaji na farko yana hannun ma'aikatan lafiya na ƙungiyar, waɗanda yake ɓoye wa ciwon.

Haɗarin yana cikin bugu na biyu. Ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba, bugun da bai kai na farko ba ma ya ishe ta, ga shi kuma mai ciwon yana jinkirin ganin abin da ke zuwa. Ɗan baya aikinsa ke nan ya juya wa abokan hamayya baya ya je ɗauko fak, wato ɗan faifan robar da ake bugawa, a jikin katanga. In ya makara da ƙiftawar ido ɗaya, kafaɗar wani ce za ta same shi. An ga haka ga Sidney Crosby, tauraron NHL, wanda ke da likitocin da ɗanki ba zai taɓa samu a ECHL ba: an buge shi a ka ranar 1 ga Janairun 2011, ya ci gaba da wasa, aka sake bugunsa ranar 5 ga watan, bai dawo fili ba sai Nuwamba. Crosby yana da kwantiragin miliyoyi da ya jira shi. Ɗan ci-rani da ya yi wata goma a kwance babu mai ajiye masa gurbi. Akwai kuma mafi muni, ko da yake ba kasafai ba kuma ya fi kama matasa: ƙwaƙwalwa ta kumbura nan take bayan bugu na biyu. Haka Rowan Stringer, 'yar shekara 17 mai wasan rugbi a Ottawa, ta rasu a 2013, dalilin da ya sa lardinku ya kafa dokar da ke ɗauke da sunanta a 2018.

Hular kwano tana kare ƙashi da fata, robar baki tana kare haƙora, amma babu hular da ke hana ƙwaƙwalwa motsi a cikin kai, komai tsadarta. Sai masu cin kasuwa da tsoron mutane: mai sayar da ƙwayoyin "gyaran ƙwaƙwalwa" a intanet, mai murɗa wuya ya ce ya saita jijiya, abokin ɗaki mai miƙo maganin kashe zafi da na barci ya ce kowa haka yake yi. Na ƙarshen nan ya fi ba ni takaici, domin maganin yana rufe alamar da likita zai bi ne kawai, ciwon yana nan daram. Derek Boogaard, ɗan wasan NHL, ya rasu a Mayun 2011 yana da shekara 28 bayan ya haɗa maganin kashe zafi na oxycodone da barasa, kuma binciken ƙwaƙwalwarsa ya nuna cutar CTE, mai lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Steve Montador, ɗan baya wanda shi ma ba a zaɓe shi ba amma ya zaga ƙungiyoyin NHL shida, ya rasu a 2015 yana da shekara 35, shi ma an sami CTE a tasa. Ba ina cewa bugu ɗaya zai kai ɗanki can ba. Wannan cuta ana danganta ta da bugun kai a kai na shekaru, kuma ba a tabbatar da ita sai bayan mutuwa. Ina nuna miki inda al'adar "daure ka buga" take kaiwa ne. Lokacin da tsofaffin 'yan wasa fiye da 300 suka kai NHL kotu kan wannan batu, sulhun 2018 ya ba kowannensu kusan dala 22,000. Wannan a gasar masu kuɗi ke nan.

Yadda ake komawa fili sananne ne. Awa 24 zuwa 48 na farko hutu ne, a rage waya da talabijin, amma ba a kulle mutum a ɗaki mai duhu na makonni ba, an daina wannan. Daga nan matakai shida ne, kowanne aƙalla awa 24: harkokin gida marasa wahala, tafiya ko keken motsa jiki (a fara a hankali a ƙara), zamiya a kan ƙanƙara shi kaɗai, atisaye da ƙungiya ba gogayya, cikakken atisaye, sannan wasa. A matakai ukun farko, in alamun sun ɗan ƙaru, kada su wuce maki 2 a ma'aunin 10 kuma su lafa cikin awa ɗaya, in sun wuce ya tsaya ya sake gwadawa washegari. Ba ya shiga mataki na huɗu sai alamun sun ɓace kuma likita ya sa hannu. Yawancin manya suna warkewa cikin mako biyu zuwa huɗu. In ya haura wata, a kai shi asibitin da ya ƙware a kai, a duba wuya da ido da kunnen ciki, domin sau da yawa a nan ragowar ciwon ke maƙalewa. Barasa da maganin barcin da likita bai rubuta ba, a nisance su. In kuma ya fara amai a jere, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko ganin abu bibbiyu, ko rashin ƙarfi a hannu ko ƙafa, ko ruɗewa, ko farfaɗiya, ko yawan barcin da ba a iya tashinsa, a kira 911 a take, ko da hoton jiya ya fito lafiya.

Tsoron sallama kuwa, lissafin ɗanki a juye yake. Gaskiya ne kwantiragin ECHL ba shi da tabbas, ana iya sallamar lafiyayyen ɗan wasa a kowane mako. Amma kalmar ita ce lafiyayye. Raunin da aka samu a wasa, aka rubuta shi a takardun ƙungiya da kwanan wata, shi ke ɗora wa ƙungiya nauyin magani, shi ne kuma hujjarsa ta neman albashi da diyyar ma'aikata. In ya ɓoye ya buga wasa uku da rabin hankali, mai horarwa zai ga ɗan baya mai sanyin jiki, ya sallame shi a matsayin mai lafiya, ya dawo Ontario da ciwon kai ba tare da takarda ko ɗaya da ta nuna a bakin aiki ya same shi ba. Kuma duk ƙungiyar Turai mai hankali sai ta yi masa gwajin lafiya kafin kwantiragi ya kankama. Kowace rana da ta wuce bayan Juma'ar nan tana ƙara wahalar haɗa ciwon da wancan bugun.

Saboda haka yau ɗin nan, ba gobe ba, ya sanar da jami'in lafiyar ƙungiya a rubuce, ta saƙon waya ko imel, ya faɗi ranar wasan da yadda aka buge shi da alamun da yake ji, ya haɗa da sakamakon asibitin da ya je, ya ajiye kwafi. Ya nemi bidiyon bugun. Ya kira PHPA, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan AHL da ECHL, su karanta masa haƙƙinsa a yarjejeniyar da ke aiki yanzu, kuma kada ya sa hannu a wata takardar sallama ko yafe haƙƙi kafin su gani. Addu'arki yana buƙatarta, ki ci gaba, amma ki haɗa ta da wannan.

Na san babba ne, ba ki da ikon tilasta masa. Amma ki tuna gaɓar da zai yanke hukunci da ita ce ta ji ciwo, don haka wannan ba lokacin kawaici ba ne. Ki karanta masa amsar nan ta waya, ki sa mahaifinsa ko wani babban da yake jin nauyinsa ya yi masa magana. In ya kafe har zuwa daren Alhamis, ki kira ofishin ƙungiyar da kanki ki nemi jami'in lafiya ki gaya masa abin da kika sani. Ba zai iya ba ki bayanin lafiyar ɗanki ba sai da izininsa, amma zai iya sauraronki, kuma da zarar ya ji, aikinsa ne ya gwada shi kafin ya bar shi ya taka ƙanƙara ranar Asabar.