Shin Masu Ƙera Ƙirƙirarriyar Basira Gogayya Suke da Mahalicci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karantar ilimin kwamfuta, kuma burina in zurfafa a fannin ƙirƙirarriyar basira. Na saurari wani wa'azi inda aka ce masu wannan aiki hasumiyar Fir'auna suke sake ginawa, suna son yin halitta mai tunani. Tun ranar jikina ya yi sanyi. Shin gargaɗin addini kan girman kai ya hau kan wannan fasaha? In haƙura da karatun?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka bar karatunka, ɗan'uwa. Sai dai kada ka yi watsi da wa'azin nan ɗungurungum, akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Inda aka ɗora laifin ne bai zauna daidai ba.

A Suratul Ƙasas aya ta 38, Fir'auna ya umarci Hamana ya gasa masa tubali, ya gina bene mai tsawo don ya leƙo Ubangijin Musa. Ahlul Kitabi ma suna da labarin hasumiyar Babila a babi na 11 na Littafin Farawa, wadda maginanta suka so ta taɓo sama don su yi wa kansu suna. To amma Alƙur'anin da ya ba mu labarin Fir'auna shi ne ya ba mu na Zulƙarnaini, wanda ya haɗa guntayen ƙarfe da narkakkiyar tagulla ya toshe tsakanin duwatsu biyu. Aikin injiniya ne tsagwaronsa. Da ya kammala, cewa ya yi wannan rahama ce daga Ubangijinsa, kuma ranar da alkawarin Ubangiji ya zo za a baje shi. Dukansu magina ne. Ɗaya ya yi gini don mutanen da suka kawo masa kuka, yana sane da cewa ginin yana da ranar rushewa, ɗayan kuma don ya nuna wa fadawansa babu kowa a samansa.

Zancen halitta kuwa ba zai ɗauke mu lokaci ba. Manhajoji irin su ChatGPT, wadda ta fito a Nuwamban 2022, an horar da su ne da tulin rubuce-rubucen mutane har suka ƙware wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya. Ma'adinan da aka yi na'urar da su, da wutar da take sha, da harshen da take sarrafawa, duk tarar da su aka yi. Wannan ƙira ce. Ƙalubalen ƙirƙirar ƙuda da ke aya ta 73 ta Suratul Hajji yana nan inda yake.

To ina girman kan ya ɓuya? Manzon Allah (SAW) ya fassara shi a hadisin da Muslim ya ruwaito: ƙin gaskiya da raina mutane. Da wannan ma'auni nake so ka riƙa auna fannin naku.

Ƙin gaskiya yana bayyana idan gargaɗi ya zo aka toshe kunne. Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin wannan ilimi, ya bar Google a 2023 don ya samu sakewar faɗin hatsarin da yake hangowa. A watan Maris na shekarar, dubban mutane, cikinsu har da masana, suka sa hannu a wasiƙar neman a dakata na wata shida da horar da manhajoji mafi ƙarfi. Ba a dakata ba, kowane kamfani yana tsoron a tsere masa. Ina kuma yawan tuna Ƙaruna da ya ce dukiyarsa ya same ta ne da wani ilimi da ke wurinsa. Mai taƙama da na'urar da aka ɗura wa kalmomin miliyoyin marubuta, ba tare da an nemi izinin yawancinsu ba, ya kamata ya ji nauyin furta irin wannan magana.

Raina mutane kuma shi ne a mayar da ɗan Adam lamba. A ƙasar Holan, hukumar haraji ta dogara da tsarin kwamfuta wajen zaƙulo waɗanda ake zargi da maguɗin tallafin kula da yara. Dubban iyalai aka yi wa ƙazafi, da yawansu 'yan asalin wasu ƙasashe, aka tilasta musu mayar da kuɗi har wasu suka tsiyace. Sai da gwamnatin ta yi murabus a Janairun 2021.

Amma ni ƙissar da ta fi tayar mini da hankali a wannan zamani ta Samiri ce. Ya narkar da kayan adon Bani Isra'ila, ya fitar musu da maraƙi, gangar jiki mai kuka, suka ce ga abin bauta. Lura da kyau, da zinariyar da ke hannunsu aka yi shi. Hujjar da Allah ya kafa musu a Suratu Ɗaha aya ta 89 ita ce maraƙin ba ya mayar musu da magana, ba ya cutarwa, ba ya amfanarwa. Na yau kuwa, da kalmominmu aka narka shi, kuma yana mayar da magana, cikin ladabi ma. Jarrabawar ta fi tsanani ke nan. Tun 1966, lokacin da Joseph Weizenbaum ya rubuta wata 'yar manhaja mai suna ELIZA, ya sha mamakin yadda mutane suka riƙa buɗe mata cikinsu kamar tana jin su. A 2017 aka samu labarin wani tsohon injiniyan Google, Anthony Levandowski, ya yi rajistar ƙungiyar addini a Amurka don bautar ƙirƙirarriyar basira. Wannan ya fito fili, kowa zai ƙyamace shi. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne miƙa wuya a ɓoye, irin na lauyoyin New York da kotu ta ci tara a 2023 saboda sun gabatar da shari'o'in da manhaja ta ƙaga musu, ba su duba ba. Haka nan za ta iya ƙaga maka hadisi, da isnadi da lambar shafi, ko ƙifta ido ba za ta yi ba.

Saboda haka ka ci gaba da karatu. Idan ka samu zaɓi, ka karkata ga ɓangaren gwajin manhajoji da gano kurakuransu kafin a sake su ga jama'a, domin can ne ake ƙarancin hannu. Duk wani nassi kuma da na'ura ta kawo maka, ka koma littafin ka gan shi da idonka, ko ka kai wa malami, kafin ka isar wa wani. Wallahu a'alam.