Shawarar Lauya: Zan iya kafa tawa manhajar karɓar kirifto a shago, in kuma riƙa karɓar wa maƙwabta?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina sayar da takalma da jakunkunan fata a Kano, wasu kwastomomina kuma suna ƙasashen waje. Yaron da ke kula mini da shafin intanet ya ce zai ɗora mini BTCPay Server a kan kwamfutar da ni ke da iko da ita, yadda Bitcoin ko USDT (kirifton da ƙimarsa ke bin dalar Amurka) zai riƙa faɗowa cikin walat ɗina, wato ma'ajin kirifto, ba tare da wani kamfani a tsakani ba. Maƙwabtana uku a kasuwa sun ce in an kafa in riƙa karɓar musu su ma, ina cire la'ada. Ina kuma son in riƙa yin bidiyo ina wayar wa 'yan kasuwa kai. Doka ta yarda, ko EFCC zan jawo wa kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abu uku ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Karɓar wa kanka ba laifi ba ne. Karɓar wa maƙwabta da la'ada kuwa, ka bar shi. Bidiyo ya danganta da abin da zai fito daga bakinka.

Mutane da yawa har yau suna cewa an haramta kirifto a Najeriya. Abin da ya faru shi ne, ranar 5 ga Fabrairu 2021 Babban Bankin Najeriya ya aika wa bankuna takarda, ya hana su hulɗa da masu harkar, ya ce a rufe asusunsu. Bankuna aka yi wa magana. Sashe na 36(12) na tsarin mulki ya ce ba a hukunta mutum sai da laifin da rubutacciyar doka ta ayyana ta kuma faɗi hukuncinsa, kuma a shari'ar Rise Vest da Babban Banki a 2021, Babbar Kotun Tarayya ta ce takardar umarni irin wannan ba doka ba ce. A Disamba 2023 bankin ya sassauta, ya ba bankuna damar buɗe asusu ga kamfanonin kirifto masu rajista da hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannayen jari. A Maris 2025 aka sa hannu kan sabuwar Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari, wadda ta sanya kadarorin dijital ƙarƙashin kulawar SEC.

Sai dai kirifto bai zama kuɗin ƙasa ba. Sashe na 20 na Dokar Babban Banki ta 2007 ya bar wa naira wannan matsayi, har ya ce wanda ya ƙi karɓar naira zai biya tarar naira 50,000 ko ya yi wata shida a gidan yari. Saboda haka ga mai saye na cikin gida, ka rubuta farashi da naira, ka bar masa ƙofar tiransifa da tsabar kuɗi a buɗe. Kirifto zaɓi ne da ku biyu kuka yarda da shi, kamar yadda mutum zai iya karɓar buhun masara a madadin kuɗin takalmi. Kada ka liƙa takarda a shago cewa USDT kaɗai kake karɓa.

Yadda aka kafa manhajar shi zai nuna matsayinka a idon doka, don haka ka zauna da yaron nan ka tambaye shi abin da ya zuba a ciki. BTCPay Server manhaja ce ta kyauta wadda kowa ke iya duba yadda aka rubuta ta, an fara ta a 2017. Ana ɗora ta kan saba ta haya, wato kwamfutar da ake haya ta intanet, ko wata kwamfuta da ba ta mutuwa dare da rana. Mafi ƙarancin abin da take buƙata shi ne RAM mai gigabayit 2 da ma'aji mai gigabayit 80 idan an rage tarihin cinikayyar Bitcoin da take ajiyewa, domin cikakken tarihin ya haura gigabayit 600. In a shago za a ajiye ta, ka lissafa da sola ko inbata, domin duk lokacin da wuta ta ɗauke, mai saye ba zai samu shafin biya ba. Muhimmin abu shi ne makulli. Walat yana da makullin kashewa, wanda ke fitowa daga kalmomin sirri 12 ko 24, yana kuma da makullin kallo da ake kira xpub, wanda aikinsa fitar da sabon adireshi ga kowane ciniki da ganin shigowar kuɗi, amma ba ya iya fitar da ko sisi. Makullin kallo kaɗai ya kamata ya hau saba. Idan yaron ya ƙirƙiri walat ɗin a cikin sabar da hannunsa ya ga kalmomin, to kuɗinka na hannunsa, kuma ranar da suka ɓace za ka sha wahalar tabbatar wa kotu wanda ya kwashe, tunda ku biyu kuke riƙe da sirri ɗaya. Ka ƙirƙiri walat ɗin da kanka, ka rubuta kalmomin a takarda, kada ka ɗauke su hoto, kada ka tura su ta WhatsApp. Ku kuma rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce: aikinsa, ladansa, da cewa sabar da sunan shafin da kalmar shiga duk naka ne.

Yanzu maƙwabta. Da zarar kuɗin takalmin wani ya faɗa walat ɗinka, ka canza shi zuwa naira, ka cire la'ada ka miƙa masa saura, ka tashi daga mai sayar da fata ka zama mai riƙe wa mutane kadara da canza musu ita a matsayin sana'a. Wannan aikin SEC ke ba wa lasisi, kuma ba na ƙaramin ɗan kasuwa ba ne: ko a ƙa'idojin Mayu 2022, jarin da aka nema ga dandalin canjin kirifto ya kai naira miliyan 500. Dokar Hana Halasta Kuɗin Haram ta 2022 ta lissafa masu irin wannan hidima cikin cibiyoyin kuɗi, wato dole su tantance kowane abokin hulɗa, su adana bayanai, su kai rahoton cinikin da ake zargi ga hukumar NFIU mai tattara bayanan sirri kan harkokin kuɗi. Ƙarancin mutanen ba zai cece ka ba. Kai ba ka san wanda ya biya maƙwabcinka ba, amma adireshinka ne zai bayyana idan kuɗin na sata ne.

Akwai hanyar taimaka musu ba tare da taɓa kuɗinsu ba. BTCPay na ba da damar buɗe shaguna da yawa a saba ɗaya, kowane shago da nasa makullin kallo, kuɗin kowa na tafiya kai tsaye walat ɗinsa. Wannan ya fi kusa da ba da hayar kayan aiki. Amma a nan ma da tarko: idan ka kunna Lightning, hanyar biyan nan take mai arha, ka bar su suna amfani da naka kullin, wato manhajar Lightning da ke cikin sabarka, kuɗinsu a hannunka yake zama, ka koma gidan jiya. Idan kuma za ka riƙa karɓar kuɗin haya a kan hidimar, ra'ayina shi ne ka rubuta wa SEC ka bayyana tsarin, ka jira amsa a rubuce kafin ka fara.

Inda 'yan kasuwa suka fi ƙonewa ba wajen karɓa ba ne, wajen mayar da shi naira ne. Ka sayar da USDT ga baƙo ta P2P, wato ciniki kai tsaye tsakanin mutum da mutum, ya turo maka naira daga asusun da aka damfari wani, wanda aka damfara ya kai ƙara, sai ka wayi gari asusunka a kulle. Dokar Hana Halasta Kuɗin Haram ta 2022 ta ba hukuma damar dakatar da asusu na sa'o'i 72. Abin da ya wuce haka sai da umarnin kotu, ko dai ta sashe na 34 na Dokar EFCC, ko ta sashe na 97 na dokar bankuna ta 2020 idan Babban Banki ne ya nema. Ana samun umarnin ba tare da an ji ta bakinka ba. Idan haka ta faru, ka rubuta wa bankin ka nemi kwafin umarnin da sunan hukumar da ta kawo shi. In babu umarni, lauyanka zai iya shigar da ƙara kan kulle asusu ba bisa ƙa'ida ba. In akwai, sai a nemi kotun da ta bayar ta janye shi, a gabatar da shaidar ciniki. Kada ka je amsa gayyatar hukuma kai kaɗai. Rigakafin kuwa shi ne ka canza ta dandalin da SEC ta amince da shi. A Agusta 2024 ta ba Busha da Quidax amincewar farko, amma ka duba jerin da ke shafin hukumar a ranar da za ka buɗe asusu. Kada ka karɓi naira daga sunan da ba na wanda kuka yi ciniki da shi ba, ko da ya ce na matarsa ne.

Shaidar ciniki ita ce garkuwarka, sai ka tara ta tun daga rana ta farko. Kowane ciniki ya kasance da rasit mai sunan mai saye, kayan da ya saya, farashin naira, canjin da aka yi amfani da shi a lokacin, lambar cinikin a kan bulokcen, wato kundin da ke rubuta duk cinikin kirifto, da takardar kamfanin da ya ɗauki kayan. Manhajar na fitar da jerin nan, ka sauke shi duk ƙarshen wata ka ajiye a wani wuri daban. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 na buƙatar takardar tabbacin cewa kwamfutar da ta fitar da bayanan tana aiki daidai, kuma tunda sabar taka ce, kai ko yaron ne zai sa mata hannu. A shafinka kuma ka rubuta sharuɗɗa a fili: takardar biya na mutuwa bayan minti 15, kamar yadda manhajar ta zo da shi, ba a sakin kaya sai cinikin ya tabbata, wanda a Bitcoin kan ɗauki kimanin minti 10 a kowane tabbaci, in za a mayar da kuɗi, da ƙimar naira ta ranar ciniki za a mayar. Rashin wannan layi na ƙarshe shi ke haddasa rigima idan farashi ya tashi. Sunaye da adireshin kwastomomi kuma suna ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2023, kai ne mai alhakin tsaronsu.

Haraji bai faɗi ba don an biya ka da kirifto. Jakar da ka sayar a ƙimar naira 300,000 kuɗin shiga ne na kasuwanci a ranar. In ka riƙe Bitcoin ɗin har ka sayar da shi 340,000, ƙarin 40,000 riba ce ta daban. Dokar Kuɗi ta 2023 ta sa wa irin wannan riba kashi 10 cikin 100. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki 1 ga Janairu 2026 ta haɗa ta da sauran kuɗin shigar mutum, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji, mafi girman mataki kashi 25.

Wani abu da masu kafa manhaja ba sa faɗa: fitar da kaya na kasuwanci yana buƙatar rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya, da cike fom ɗin fitar da kaya na NXP, kuma dole kuɗin kayan su dawo ta banki cikin kwana 180. USDT a walat bai cika wannan sharaɗi ba. Babban oda na dila, ka bi da shi ta banki.

Batun bidiyo, koya wa mutane yadda ake riƙe makulli da yadda ake gane damfara ba ya buƙatar lasisi. Cewa su kawo kuɗi ka juya musu, ko alƙawarin riba kaza a wata, ko raba mahaɗin rajista na dandalin da ba shi da rajista kana cin kamasho, wannan wani abu ne daban. Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyu, ga masu tsarin Ponzi, wato biyan tsofaffin masu zuba kuɗi da kuɗin sababbi, da masu tallata shi, kuma rushewar dandalin zuba kuɗi na CBEX a Afrilu 2025 ta sa idon hukuma ya ƙara buɗewa. In wani kamfani ya biya ka, ka faɗa a cikin bidiyon. Halacci ko haramci a shari'ar Musulunci kuwa malamai sun saɓa, ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa. Lauya ba ya ba da fatawa.

Saura maganar gado. Alƙali na iya umartar banki ya fito da kuɗin mamaci a raba wa magada, amma babu wanda zai umarta ya buɗe walat ɗin da kalmominsa suka tafi da mai shi. Ka rubuta a wasiyyarka cewa kana da wannan dukiya da inda takardar take, ba tare da rubuta kalmomin a cikin wasiyyar ba, domin ita ana karanta ta a gaban jama'a. Takardar kalmomin ka rufe ta a ambulan, kwafi biyu a wurare biyu, ka sanar da amintattu biyu daga cikin iyalinka.