Tsiro ɗaya, tsayi daban: ƙasa ce ko gado?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar kiwo ne. An nuna mana hotunan sagebrush, tsiron da ya rufe busassun makiyayun yammacin Amurka. Wani ya fi mutum tsayi, wani ko gwiwa bai wuce ba, kuma aka ce duk jinsi ɗaya ne. Ƙasar ce ta bambanta su ko gado?

Amsa: Duka biyun, ɗan uwa, amma gado ya fi ƙarfi fiye da yadda ido ke zato. Sunansa na kimiyya Artemisia tridentata, dangin tazargaden da ka sani ne, kuma ya mamaye jihohi irin su Nevada, Idaho, Utah da Wyoming. Manyan rassansa, wato nau'o'insa, uku ne. Na kwari yana son ƙasa mai zurfi, yakan kai mita biyu har uku. Na Wyoming yana zaune a ƙasa mai tsakuwa inda ruwan shekara bai fi milimita 200 zuwa 300 ba, kuma da wuya ya kai mita ɗaya. Na tsauni yana can sama inda ake samun ƙanƙara, samansa a baje kamar an aske.

Sirrin yana cikin kuromosom, wato ƙunshin da ke ɗauke da gadon halitta. A wannan tsiro jeri ɗaya kuromosom 9 ne. Mai jeri biyu yana da 18, mai jeri huɗu 36. Na kwari yawanci 18 ne, na Wyoming 36, na tsauni kuwa ana samun duka biyun. Abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne mai 36 ɗin ne ya fi gajarta da jinkirin girma, sai dai ya fi jure fari.

Yadda ake rarrabe gado da muhalli ba wuya. A tsinko iri daga wurare daban-daban, kowane da alamar inda ya fito, a rene su, a dasa a fili guda, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, a riƙa auna tsayi da faɗi shekara bayan shekara. Bambancin da ya rage bayan haka na gado ne. An yi wannan gwaji, na kwari bai daina zarce na Wyoming ba.

Tambaya: To me ya sa ake damuwa da wannan, tun da duk tsiro ɗaya ne?

Amsa: Saboda gobara. Wannan tsiro ba ya tohowa daga saiwa idan ya ƙone, kuma irinsa ba ya nisa da uwarsa. Wata baƙuwar ciyawa, Bromus tectorum, takan cika filin, ta bushe da wuri, wutar ta dawo kafin ya farfaɗo. Dole sai an shuka da hannu, kuma a nan ake tafka kuskure. Irin ƙanana ne ƙwarai, kilo ɗaya ya haura ƙwaya miliyan uku, ido ba ya gane na wane reshe ne. Idan aka watsa na kwari a irin ƙasar da na Wyoming yake zaune, zai tsiro da kyau, ya yi saurin girma, sannan fari ya kashe shi. Shi ya sa ake auna nauyin ƙwaya, domin ta Wyoming ta fi nauyi. Don gane na tsauni kuma ana murza ganyensa a ruwa a haska fitila irin ta duba jabun kuɗi: ruwan zai yi shuɗi mai ƙyalli.

Wajen shukar ma akwai ƙa'ida. A watsa a sama gab da hunturu, a danne kaɗan, kada zurfin ya wuce milimita 3, domin ƙwayar da aka binne ba ta da ƙarfin huda ƙasa.