Dabbobin iyayena ne ke jawo hamada?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a fannin nazarin zamantakewa a Yamai, iyayena kuma makiyaya ne a yankin Abalak. Wani jami'in raya karkara ya shaida masu cewa dabbobinsu ne ke jawo hamada, maganin kuwa shi ne a yanka filin kiwo a raba wa kowa nasa. Hankalinmu ya tashi matuƙa. Ilimi yana goyon bayansa?

Amsa: Ɗana, ka kwantar da hankalin tsofaffi, amma kada ku yi sake. Jami'in nan ra'ayin masanin Amurka Garrett Hardin na 1968 yake maimaitawa, wai filin da jama'a ke tarayya a kansa ƙarshensa lalacewa. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, ta nuna cewa ya haɗa abu biyu mabambanta: filin da ba shi da doka, da filin da al'umma ke tafiyarwa bisa ƙa'idarta.

Na gaji da jin wannan magana a tarurruka, daga bakin mutanen da ba su taɓa tsayawa bakin rijiya da rani ba. Makiyayar arewacin Tahoua, inda Abalak take, ba sakakkiya ba ce. Wanda ya gina rijiya shi ne ake neman izininsa, shi ke faɗin kwana nawa baƙo zai shayar, kuma da igiyar gugarsa ake auna yawan dabbobin da za su ci ciyawar da ke kewaye. Da aka haƙa manyan rijiyoyin burtsatse na gwamnati bayan samun 'yancin kai, aka ce ruwan na kowa ne, sai garkuna suka yi dafifi, ƙasar gefensu ta zama fako. Iko aka ƙwace daga hannun masu shi, sannan aka ɗora masu laifin ɓarna. Haka manomi ya riƙa sare tsiron gawo muddin dokar gandun daji ta mai da icce na hukuma. Da ya tabbata nasa ne, sassaben zamani, wato barin tsiron itatuwa a gona ana renonsa, ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Masanin da ke nazarin mutane daban, ƙasa daban, ba zai ga wannan ba.

Inda ruwan sama ke sauka nan bana, can baɗi, shinge kashe garke yake yi. Ku je hukumar filaye ta COFO ku nemi a rubuta makiyayarku da burtalinku, domin dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince da haƙƙin makiyayi a yankin da ya saba zama.