Ankul a makaranta, kawu da baffa a gida

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce yaranki sun dawo daga makaranta suna kiran kowane babba "ankul", har da yayyenki maza da ƙannen mijinki, kina tambaya ko ki bar su a haka.

Bari in fara da asalin kalmar. Uncle baƙuwa ce ko a bakin mutanen Ingila. Daga Latin ta fito, avunculus, kuma a wurin Rumawa ɗan'uwan uwa kaɗai ake kira haka, wato kawu. Ɗan'uwan uba yana da nasa suna, patruus. Faransawa suka gaji kalmar suka mai da ita oncle. Da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, sai ta shiga Turanci wajen shekara ta 1300. Kafin zuwanta mutanen Ingila ma suna bambancewa kamar mu: eam ɗan'uwan uwa, faedera ɗan'uwan uba. Ta zo ta haɗiye su duka biyun, ta haɗa har da mijin gwaggo da mijin inna. Ita ma aunt haka, tushenta amita, gwaggo kawai.

Daga baya ta yi ta yaɗo. A Amurka gwamnati ma Uncle Sam suke yi mata laƙabi. A Indiya da kudancin Najeriya duk namijin da ya girme ka ankul ne, kuma makarantun kuɗi suka sa wa malamai sunan. Ban ga laifin wannan ba, girmamawa ce. Yaro ya ce wa malaminsa ankul ya fi ya kira shi da gundarin sunansa.

Cikin gida ne ban yarda ba. Mu sunan dangi aiki yake ɗauke da shi. Ki duba ranar ɗaurin aure: maza sun cika ƙofar gida, ga goro da alawa a faranti, liman ya ce, "Ina waliyyin amarya?" Idan uba ba ya nan, ana duba dangin uba ne, sau da yawa baffa ke matsowa kan tabarma. Kawu, duk son da yake wa yarinyar, ba ya matsowa sai an wakilta shi. A rabon gado ma baffa yana cikin asaba, wato magada ta wajen uba, kawu ba ya ciki. Shi kuwa kawu nasa matsayin daban ne: gidansa yaro ke gudu idan ya yi laifi yana tsoron bulala, shi ke rako shi ya ba uba haƙuri.

Ga kuma wasan taubasai. 'Ya'yan kawu da 'ya'yan gwaggo su ke tsokanar juna, su ke bin juna kuɗin shara a watan cika-ciki. Ɗan baffa kuwa wa ne ko ƙane, ba a wasa da shi irin wannan. Yaron da kowa ankul ne a wurinsa, ta yaya zai san wanda zai tsokana da wanda zai russuna wa?

Saboda haka kada ki yi musu faɗa, ba laifinsu ba ne. Duk sanda suka ce ankul a gida, ki ce, "Wannan kawunku ne, wana ne," ko "Wannan baffanku ne, ƙanen babanku." Yara ba sa wuyar ɗauka. In Allah ya kai mu sallah ki kawo mini su, in zaga da su gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya. Ki gaida maigidan naki.