Inabina na bushewa daga ciki, in sa a aiko mini da Trichoderma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kurangar inabi shida a bayan gidana a Aboabo, Kumasi, shekararsu biyar. Bana biyu sun fara mutuwa reshe bayan reshe. Ɗana da ke aiki a gonar inabi a Italiya ya ce can wani naman gwari suke fesawa mai suna Trichoderma, yana so ya aiko mini ta hannun mai zuwa gida, amma da tsada. In bar shi ya saya, ko in shiga kasuwar Kejetia in nemi maganin feshin koko? Daga wani Alhaji a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yaron nan albarka, gaskiya ya faɗa maka. Sai dai kafin ya kashe ko sisi, ka ɗauki wuƙa mai kaifi ka yanke reshen da ya bushe, ka dubi fuskar yankan. Idan ka ga wani gefe ya yi duhu, da faɗi wajen ɓawo yana tsukewa zuwa tsakiya kamar yankan kankana, to ciwon kututture ne. A ƙasa mai zafi da laima irin tamu, wanda na fi zargi shi ne wani mugun naman gwari mai suna Lasiodiplodia theobromae. Ba baƙo ba ne a Asante: a jikin koko aka fara gano shi a Ekwado a 1892, kuma yana busar da rassan mangwaro. Ƙofarsa ita ce raunin da almakashi ya bari. Ruwan sama ya watsa ƙwayoyinsa, su sauka kan ɗanyen yanka, su yi ta cin itacen a ɓoye shekara da shekaru kafin ganye ya nuna alama.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, Trichoderma ba ya warkar da itacen da ya riga ya kamu. Mai gadi ne. Ana fesa shi kan sabon yanka, ya riga mugun shiga, ya mamaye wurin, ya cinye abincin, wani lokaci har ya nannaɗe zaren mugun ya narkar da shi. Turawa sun koma gare shi ne bayan an hana maganin da suka daɗe suna dogaro da shi, mai ɗauke da gubar asenik, wanda Faransa ta haramta a 2001 saboda lafiyar ma'aikata. Yau akwai magungunan Trichoderma irinsu Vintec da Remedier da Esquive. Nau'in da ke cikin Vintec ma daga ruɓaɓɓen itace aka samo shi a arewacin Italiya, shi ya sa yake son zama cikin itace.

Duk da haka, ni ban ba da shawarar a aiko ba. Abu ne mai rai, wasunsu sai an ajiye su a firji. Ka yi tunanin fakitin cikin akwati, ya sauka Accra, ya kwana a Nima, ya hau mota cikin rana zuwa Kumasi. Kana iya buɗe shi ka tarar da gari kawai, babu rai. Ga shi an auna fakitin ne don manyan gonaki, ba kuranga shida ba. Sannan maganin gona a Ghana sai hukumar kare muhalli, wato EPA, ta yi masa rajista, kada a jefa ɗan aike cikin wahala a filin jirgi. Idan ka samu Trichoderma mai rajista a nan, ka duba ranar lalacewarsa, ka duba inda mai shago ya ajiye shi. Wanda ke shan rana a bakin rumfa, bar shi. Ka kuma karanta ko na raunin itace ne, don da yawa na saiwa da ƙasa ne.

Maganin koko kuwa, yawancinsa na jan ƙarfe ne don baƙin ciwon ƙwallon koko. Ba ya shiga cikin itace, kuma kada ka gauraya shi da Trichoderma a tanki ɗaya.

Biyun da suka kamu, ka bi su da yanka har ka ga farin itace tas, ka ƙara santimita 10 ƙasa da nan. Abin da ka yanke ka ƙone shi, kada ka jingine shi a jikin katanga. Ka yi aikin cikin hunturu, Disamba zuwa Janairu, ba ranar da hadari ya haɗo ba. Ka goge almakashi da sifirit tsakanin kuranga da kuranga, ka rufe yankan a ranar, ko da Trichoderma ko da fentin rauni. In kana son tabbaci, ka kai guntun itacen wa malamin gona ko cibiyar binciken amfanin gona da ke Fumesua.

Tambaya: Zan sayi dashen inabi a Accra. Yaya zan gane lafiyayye? Daga wata Hajiya a Maamobi.

Amsa: Hajiya, ki sayi ɗaya tukuna, ki yanke gindinsa. Idan kin ga ɗigo-ɗigo baƙi a cikin itacen, ko wani danƙo mai duhu yana tsattsafowa, ciwon tun daga wurin reno ya taho, ki nemi wani mai sayarwa.